Yadda Ake Bin Diddigin Katin Girafik Idan Memorinsa Bai Cika Ba

Matashin da ke tace bidiyon biki ko na saukar Alƙur'ani a Rurum Sabon Gari, ko mai haɗa fosta a Rano da Kibiya, ba ya sayen katin girafik sai ya yi tari. Ga kuɗin katin, ga kuɗin mota zuwa Kano, ko Titin Beirut ko Farm Centre. Saboda haka idan ya dawo ya ɗaura katin da aka ce masa giga 8 ne, kwamfuta kuma ta nuna 4, ko ma mega 128, abin da zai fara zuwa ransa shi ne an cuce shi. Ta yiwu an cuce shin. Amma sau da yawa katin lafiyarsa ƙalau, lambar ce ba a karanta daidai ba. Shi ya sa ake fara bincike daga abin da ba ya cin ko sisi, a bar sukurdireba sai ƙarshe.

Fara zagayawa bayan kwamfutar ka ga inda wayar monita ta shiga. Ramukan da ke sama, jere da na USB, na modabod ne. Na katin da ka saya suna can ƙasa, a kwance. Idan wayar na sama, to hoton daga ƙaramin girafik ɗin da ke cikin furosesa yake fitowa, shi kuwa ba shi da memorin kansa, ɗan abin da aka ware masa ne yake nunawa, galibi mega 128. Kashe kwamfutar, mayar da wayar ƙasa, tabbatar katin ya zauna daram a raminsa, wayar wutarsa mai haƙora 6 ko 8 kuma ta shige har ta yi ƙas. A laftof babu wayar da za a sauya, sai dai sau da yawa girafik biyu ne a ciki, kuma mutane kan tsaya a kan na farkon.

Daga nan danna Ctrl da Shift da Esc tare. Task Manager zai buɗe, shiga Performance, zaɓi GPU ɗin da ke ɗauke da sunan katinka. Za ka ga lambobi uku, kuma a nan mafi yawan ruɗanin yake. Dedicated GPU memory shi ne hatsin da ke cikin rumbunka. Shared GPU memory wanda maƙwabci zai iya ranta maka ne idan naka ya ƙare, daga RAM ake ɗebo shi, kusan rabin abin da kwamfutar ke da shi, kuma bai kai na katin sauri ba ko kusa. Ta ukun jimlar su biyun ce. Ka ga kenan kati mai giga 4 a kan kwamfuta mai RAM giga 16 zai iya nuna jimlar 12 a shago, ka zo gida ka ɗaura shi a kan taka mai RAM giga 8 ya nuna 8, alhali babu abin da ya ragu. Lambar farko kaɗai ce taka. Idan ka ga 7.9 a maimakon 8, kada hankalinka ya tashi, katin ne ya riƙe ɗan kaɗan don aikinsa.

Kada ka kafa hujja da shafin System Information na Windows. Gurbin da yake karanto lambar daga ciki tsohon gini ne da ba ya iya ƙirga abin da ya haura giga 4, don haka yakan faɗi abin da ba shi ke nan ba a kan manyan katuna. Wasu tsofaffin wasanni da manhajoji ma haka suke.

Duba sunan da kwamfutar ta kira katin da shi. Idan Microsoft Basic Display Adapter ta ce, direba ne babu. Idan kuma a Device Manager akwai alamar ɗorawa da Code 43, direban ne ya ƙi karɓar katin. Share tsohon da manhajar DDU a cikin Safe Mode, sannan ka sa sabo daga shafin Nvidia ko AMD kai tsaye. Fayil ɗin yana da nauyi, ɗaruruwan mega ne, gara ka sauke shi inda sabis ke da ƙarfi ka zuba a filas.

A filas ɗin nan ka haɗa da GPU-Z, 'yar ƙaramar manhaja ce kyauta ta TechPowerUp. A ganina duk mai sana'a da kwamfuta ya kamata ya riƙa yawo da ita a aljihu. Ba girman memori kaɗai za ka duba ba, duba layin Shaders da na Bus Width, ka gwada da abin da kamfani ya wallafa. Dalili kuwa, suna ɗaya yakan ɗauki kati biyu. GTX 1060 na 2016 akwai mai giga 3 akwai mai 6, na farko Shaders ɗinsa 1152, na biyu 1280. RX 580 na 2017 akwai mai 4 akwai mai 8. RTX 3060 ya fito da 12 a 2021, daga baya aka yi mai 8. Kayan hannu kuwa sau da yawa ba a kwalinsu suke zuwa ba, ɗan kasuwar ma wani lokaci da abin da aka gaya masa a sari yake aiki. Karanta farar takardar da ke manne a bayan katin, lambar samfurin tana nan, galibi da 4G ko 8G a jikinta.

Akwai kuma jabu na gaske, shi kuma ƙari yake yi ba ragi ba. Ana ɗaukar tsohon GTS 450 na 2010, a sauya masa BIOS, ya riƙa kiran kansa GTX 1050 Ti mai giga 4. Na asalin Shaders ɗinsa 768, jabun 192. Na asalin ba kasafai ake ganinsa da ramin VGA ba, jabun kuwa yakan zo da shi, shuɗi ƙiri-ƙiri. Tun 2018 GPU-Z ke rubuta FAKE a gaban sunan irin waɗannan katunan. Inda ba ta gane ba, gwajin VRAM na manhajar OCCT zai tona: yana cika memorin, da ya wuce iyakar abin da ke akwai sai kurakurai su fara fitowa, ko hoton ya tarwatse da ɗigo-ɗigon kala, ko kwamfutar ta daskare. Wannan gwajin shi ne kuma ke nuna ayisin memorin da zafi ya gajiyar, abin da ba baƙo ba ne a ɗakin da ƙurar hunturu ta toshe fanka sannan bazara ta biyo baya.

Ga RX 570 da 580 akwai wani labarin. Da su aka yi shekaru ana haƙar kuɗin Ethereum dare da rana, da aka daina haƙar a Satumban 2022 sai suka malalo kasuwannin duniya da araha, da yawansu ɗauke da BIOS ɗin da masu haƙa suka taɓa. Shi ke jawo Code 43 ko lambar da ba ta dace ba. Wasu katunan suna da ɗan mitsitsin makunni a gefen sama mai sauya BIOS biyu. Kashe kwamfuta, tura shi ɗaya ɓangaren, sake kunnawa. Idan babu, sai an sake rubuta BIOS na asali. Ban ba ka shawarar yin wannan da janareto ko wutar da ke ɗaukewa babu sallama ba, don idan ta yanke a tsakiyar rubutun katin zai iya daina nuna hoto. Sai da UPS ko inbata, kuma sai an fara ajiye kwafin tsohon.

Idan har yanzu da shakka, sai a buɗe, amma da sanin wanda ya sayar maka, tunda yage sitikar da ke kan noti yakan kashe garanti. Cire fankar za ka ga babban ayisi a tsakiya, ƙanana baƙaƙe masu kusurwa huɗu sun kewaye shi. A RX 580 guda takwas ne, ko mai giga 4 ko mai 8, bambancin yana cikin rubutun da ke bayansu. Na Samsung mai farawa da K4G4 rabin giga ne kowanne, mai K4G8 giga ɗaya. Takwas sau rabi huɗu. Nan babu sauran gardama, domin BIOS na iya faɗar ƙarya amma ba ya ƙara ayisi. Kafin ka rufe, goge busasshen man da ke kan babban ayisin ka shafa sabo.

Wani lokaci matsalar daga kamfani take. GTX 970 na 2014 giga 4 ne cif, haka yake nunawa, amma a farkon 2015 aka gano 3.5 ne ke da cikakken sauri, sauran rabin gigan yana jan ƙafa. Maganar ta kai kotu a Amurka, a 2016 Nvidia ta amince ta biya masu saye dala 30 kowanne. Mai wannan katin da ya ga aiki na sarƙewa da ya haura 3.5, babu abin da ya lalace, haka aka ƙera shi.

Abin da nake roƙon 'yan'uwa su guje masa shi ne bidiyon da ke koyar da “ƙara memori” ta hanyar taɓa Registry. Lambar da ake gani kawai yake sauyawa, aikin tacewa ba zai ƙara sauri ko na daƙiƙa ɗaya ba.

Idan bincike ya tabbatar katin bai cika ba, ɗauki hoton shafin GPU-Z da na takardar bayan katin da wayarka, haɗa da rasit, ka koma cikin kwanakin gwajin da kuka yi alkawari. Yi magana da lalama tukuna, in ta ƙi, kasuwa tana da shugabanni. Idan ya ba ka wani a madadi, ka ce, “Alhaji, a ɗaura min shi a nan,” ka sa filas ɗinka, ka bar OCCT ta yi kamar minti goma sha biyar kafin a naɗe maka shi.