Darasi: Wayarki Guzuri Ce

'Yar'uwa, in kina yawan zirga-zirga daga Ikara, Makarfi ko Hunƙuyi zuwa asibitin Shika ko sarin kaya a Kano, ki riƙe abubuwa huɗu.

Na ɗaya, ki cika caji tun dare. Na biyu, ki ajiye lambar direban da maigida ya amince da shi, ya riƙe maki kujera, musamman ran Laraba da kasuwar Makarfi ke ci. Na uku, ki koyi tura kuɗi ta waya, ƙarancin takardun naira na 2023 ya ishe mu darasi. Amma lambar sirrinki, ko mai POS kada ki faɗa wa. Na huɗu, kafin ku tashi, ki tura wa maigida lambar motar ta WhatsApp.

Allah Ya kiyaye hanya, amin.