Matakai Tara na Gano Matsalar Mai da Geji a Tsohuwar Jif

Duk mai tsohuwar jif da ke zirga-zirga tsakanin Yana, Disina da Azare ya san wannan tashin hankali: allurar geji na nuna rabin tanki, sai mota ta yi shessheƙa ta mutu a tsakiyar hanya. Wani kuma ya cika tanki, allura ta kwanta ta ƙi tashi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi a lokacin daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, yawancinmu muka koma zuba lita biyar-biyar. Yawo da busasshen tanki kuwa shi ke cin famfon mai na mota, domin man da yake nutse a ciki ne ke sanyaya shi.

Kada ka yi gaggawar sayen sabon famfo. Bi matakan nan bi da bi, daga mai araha zuwa mai tsada. Na motar fetur ne, irin su Pathfinder, 4Runner, Pajero, Prado da CR-V.

Kayan aiki: sifana mai lamba 10 da 12, sukuddireba, filaya, tocila, farar kwalba mai tsabta, tsumma, mitar auna wuta, da bokitin yashi.

1. Fara gwada gaskiyar gejin. Cika tanki a gidan mai har bakin famfo ya tsaya da kansa, ka mayar da lissafin kilomita sifili. Yi kwanaki kana lura. Rubuta inda allura ke maƙalewa, ko inda take tsalle idan ka faɗa rami. Wasu Prado da Land Cruiser tanki biyu gare su, ka tabbatar wanne kake karantawa.

2. Zaɓi rana da wuri. Jira sai mai ya sauka zuwa kusan kwata, ba a buɗe cikakken tanki. Yi aikin da sassafe a fili mai iska, kafin ranar Katagum ta buɗe, musamman a Maris da Afrilu. Nesa da murhu, janareta da mai shan sigari. Ajiye yashin kusa da kai, domin ruwa ba ya kashe wutar fetur, watsa ta yake yi.

3. Duba fiyus. Buɗe akwatin da ke ƙarƙashin sitiyari da na cikin bonet, zanen da ke bayan murfin zai nuna maka na geji da na famfo. Ɗaga kowanne ka haska. Idan zaren ciki ya tsinke, sa sabo mai lamba iri ɗaya. Kada ka ɗaura waya ko takardar sigari a madadinsa, da haka motoci ke kama wuta.

4. Saurari famfo. Buɗe murfin tanki, ka kara kunne, wani ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba. A Nissan da Honda za ka ji ɗan gurnani na 'yan daƙiƙoƙi. Amma lura, tsofaffin Toyota da yawa ba sa kunna famfo sai ana buga sitata, don haka shirunsu ba hujja ba ne. Idan ko da an buga ba ka ji komai ba, musanya rile ɗin famfo da wani irinsa a akwatin ka sake gwadawa.

5. Sauke matsin mai. Cire fiyus ɗin famfo, ka tayar da mota, ka bar ta har ta mutu da kanta. Sannan ka kwance kan batir mai alamar ragi. Wanda ya tsallake wannan, mai zai feso masa a ido.

6. Duba filta da man kansa. Filtar wasu tana ƙarƙashin mota, ta wasu a cikin bonet, ta wasu kuma a cikin tanki. Naɗe bakin bututun da tsumma kafin ka kwance. Juye abin da ke cikinta a kwalba, ka ajiye minti goma. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa da layi a fili, tsatsa kuma za ta taru ja kamar garin jan ƙasa. Idan ka ga haka, canza filta, kuma tanki na bukatar wanki. Sabuwar tana da kibiya a jiki, ta fuskanci inji.

7. Fito da fulota, wato na'urar da ke auna mai a cikin tanki. A wasu motocin akwai ƙaramar ƙofa ƙarƙashin kujerar baya ko shimfiɗar but. Idan babu, sai an sauke tanki, wannan kuwa aikin bakanike ne mai rami. Share ƙurar da ta taru a kan murfin tas kafin ka kwance ko ƙusa ɗaya, kada ta zube ciki. Yi alama a kan bututai don kada ka rikita su. Ɗago a hankali kana karkatawa, domin sandar fulota siririya ce, tana lanƙwashewa.

8. Gwada ta. Girgiza ƙwallon da ke yawo a kan mai. Idan ka ji ruwa a ciki, ya huje, shi ya sa allura ke kwance kullum. Sannan ka matsa nesa da tanki, ka sa mita a ma'aunin om, ka ɗaga sandar sannu a hankali daga ƙasa zuwa sama. Lamba ta riƙa canzawa sumul. A Toyota da yawa na shekarun 1990 kusan 110 ne a ƙasa, kusan 3 a sama. Idan lamba ta ɓace a wani wuri, layukan da harshen ƙarfen ke gogawa sun cinye, sai sabuwa. Idan fulota lafiya take, laifin na waya ne ko na agogon dashbod, ka kai wa mai wayarin. Kafin ka mayar, dubi ragar da ke gindin famfo, idan ta yi baƙi ka canza ta.

9. Mayar da komai. Sa sabuwar robar murfi idan tsohuwar ta bushe. Ɗaure ƙusoshi ɗaya nan ɗaya can, kada ka matse fiye da kima. Mayar da fiyus da batir, ka tayar, ka haska kowace mahaɗa. Ko ɗigo ɗaya ka gani, ko ka ji warin mai, kashe mota ka sake ɗaurewa.

Bayan gyara, kada ka bar mai ya sauka ƙasa da kwata. Idan dole ta sa ka saya a wurin 'yan bumburutu, tace shi da kyalle mai tsabta a bakin mazurari. Kuma duk ranar da ka zuba mai, rubuta lita da kilomita a ɗan littafi ka ajiye a mota. Ranar da allura ta sake yi maka ƙarya a hanyar Yana, wannan littafin ne zai gaya maka ko za ka kai Azare.