Shawara ga Masu Shirin Jarrabawar GMAT

Mai neman gurbin digiri na biyu a manyan makarantun kasuwanci na Amurka da Turai yakan yi karo da GMAT. Sashenta na nazarin bayanai tambayoyi 20 ne cikin minti 45.

A wannan sashe, ku fara karanta tambaya kafin jadawalin da ke tare da ita, don ku san abin da kuke nema. Ku lura da alƙaluma: dubu ne ko miliyan, adadi ne ko kaso cikin ɗari? Wasu tambayoyin ba lissafi suke so ba, illa ku tantance ko bayanan da aka bayar sun wadatar. Ku riƙa atisaye da agogo. Idan tambaya ta cije, ku zaɓi amsa ku wuce. An yarda ku gyara amsa uku a ƙarshen sashe muddin lokaci ya rage.