SANA'AR SAITA FIYANO: HORON KUNNE DA HANNU

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ganin mai garaya ko mai molo yana shirin kiɗa, zai lura cewa sai ya ɗaure tsirkiya ko ya sassauta ta har amon ya yi masa daidai. To, fiyano, wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙiro a Italiya wajen shekarar 1700, a yau yana da madannai 88 da tsirkiyoyin ƙarfe kimanin 230. Itacen da ke cikinsa kan kumbura da laima, ya tsuke da fari, saboda haka amonsa kan goce ko da ba a taɓa shi ba. Daidaita waɗannan tsirkiyoyi ya fi ƙarfin makaɗi, shi ya sa aikin ya zama sana'a mai zaman kanta.

Kimiyyar da ke cikin aikin

Amo yana samuwa ne daga karkarwar tsirkiya. Gwargwadon ɗaurinta, gwargwadon saurin karkarwarta da siririn muryarta. A wani taro da aka yi a Landan a 1939, an amince cewa amon da za a riƙa aunawa da shi, shi ne mai karkarwa sau 440 a daƙiƙa. Mai saiti yakan samo wannan amo daga wani ƙarfe mai yatsu biyu, wanda John Shore ya ƙirƙiro a 1711, ko daga na'urar lantarki.

Abin lura a nan shi ne, idan wata tsirkiya tana karkarwa sau 440, wata kuma sau 442, aka kaɗa su tare, za a ji amon yana tashi yana sauka sau biyu a daƙiƙa, wato bambancin da ke tsakaninsu. Wannan shi ake kira bugu, kuma shi ne ma'aunin mai saiti. Yawancin madannai tsirkiya uku-uku gare su, dole a juya turakunsu har bugun ya ɓace. Amma tsakanin amo da amo daban, akan bar bugu kaɗan da gangan, domin kowane mataki ya ninka na ƙasa da shi da kimanin 1.059. Ta haka ne matakai 12 ke ba da ninki biyu cif.

Yadda ake koyo

Ɗan koyo yakan fara da haɗa tsirkiyoyin madanni guda, sannan ya koyi ƙidaya bugu. Hannu ma sai an hore shi, don kuwa turken da aka juya ba a zaunar da shi ba, zai zame da zarar makaɗi ya danna da ƙarfi, wani lokaci ma a tsakiyar taro. Bayan haka sai sauya tsirkiya da gyaran 'yan gudumomin da ke bugunta.

A Jamus, ɗan koyo kan yi shekara uku da rabi tsakanin masana'anta da makarantar sana'a, kamar wadda ke garin Ludwigsburg. A Amurka kuwa, Ƙungiyar Masu Gyaran Fiyano, wadda aka kafa a 1957, tana ba da shaidar ƙwarewa ga wanda ya ci jarrabawa uku: ta rubutu, da ta saiti, da ta gyara.

Makafi sun yi suna a wannan sana'a. Claude Montal, makaho ɗan Faransa, ya koye ta a makarantar makafi ta Faris, har ya wallafa littafi a kanta a 1836.

Kammalawa

Sana'ar nan lissafi ce da ilimin sauti, amma kunne ke yanke hukunci, kuma sai da haƙuri ake gwanancewa. Malami na iya nuna wa ɗalibai tushenta a aji: a ɗaure waya biyu masu tsawo da kauri ɗaya a kan akwatin katako, a daidaita amonsu, sannan a ɗan sassauta guda. Ɗalibai su kasa kunne, su ƙidaya bugun, su kuma faɗi abin da ke faruwa yayin da ake sake ɗaure ta.