Dafa akushi kafin a shanya shi

A watan Disamba, lokacin da iskar hunturu ta kankama, mun ziyarci wani dattijo masassaƙi a Abakpa, cikin garin Kaduna. Daga ƙauye ya zo da sana'arsa, kuma har yanzu daga ƙauye ake kawo masa itace. Muka tarar da shi zaune a gaban tarin akushi, yana ware masu kyau gefe ɗaya, waɗanda suka tsage gefe ɗaya. Tarin tsagaggun bai fi na masu kyau ƙanƙanta sosai ba. Muka ce, "Baba, me ya same su?" Ya ce, "Hunturu ne, 'ya'yana. Haka yake yi mana kowace shekara."

Akushin da ya tsage ba ya riƙe miya, ba mai saye. Kwanakin da aka yi ana aiki sun tafi a banza, kuɗin motar da ta kawo gungumen ya tafi, itacen da ya yi shekaru da yawa yana girma ya koma makamashi. Mun san a ikilisiyoyinmu na karkara akwai masu sassaƙa akushi da turmi da ludayi da kujerar mata, akwai kuma matasan da suka koyi aiki da injin juya itace a birni. Domin su muka shirya wannan darasi.

Me ya sa itace ke tsagewa?

Ku ɗauki ɗanyen itace kamar damin kara da aka ɗaure tam, kowane kara cike da ruwa. Ruwan yakan fi saurin fita ta kan karan, wato ta inda aka sare, fiye da ta gefe. Saurin ya ninka sau 10 ko fiye. A jikin akushi ɗaya akwai wuraren da kan karan ya fito fili, akwai wuraren da gefe ne kawai. Saboda haka wani sashe ya riga wani bushewa.

Da farko itacen ba ya motsi ko da ruwa na fita. Sai ruwan da ya rage ya sauko zuwa wajen kashi 30 cikin 100 na nauyin busasshen itacen, daga nan yake fara tsukewa. Kuma ba daidai yake tsukewa ta kowane gefe ba. Ta tsawo kusan ba ya raguwa. Ta kewaye, wato bin zoben da kuke gani a kan gungume, yakan tsuke kusan ninki biyu na yadda yake tsukewa daga tsakiya zuwa ɓawo. To, ga baya ya bushe yana neman tsukewa, ga ciki da sauran ruwa ya ƙi matsawa. Ana ta ja-in-ja, sai wuri mafi rauni ya dare. A Kaduna da damina iska cike take da laima, itace na bushewa a hankali. Da hunturu laimar iska takan sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Iskar da ke tsaga leɓe da dunduniya ita ce ke tsaga akushi.

Abin da tafasa ke yi

Duk wanda ya taɓa ganin makiyayi yana gasa sanda a wuta domin ya miƙar da ita ya riga ya ga rabin bayanin. A cikin itace akwai wani abu mai kama da ƙaro wanda ya manne zaruruwan da juna. Zafi tare da laima yakan sa shi ya yi laushi. In ya yi laushi, zaruruwan sukan ɗan saki jiki, ƙarfin da ke ɗaure a cikin itacen tun yana tsaye ya ragu. Bayan ya huce, sai ya bushe ba tare da gardama mai yawa ba. Masu juya akushi da inji a Amurka da Turai sun daɗe suna dafa ayyukansu saboda wannan, musamman itatuwan da suka san suna da saurin tsagewa. Akwai ƙarin riba: zafin yana kashe ƙwari da ƙwayayensu da ke ɓoye a ciki, irin waɗanda kan bar garin itace a ƙarƙashin kaya bayan an kai gida.

Yadda ake yi

Tun wajen faskare ake fara gyara. Ku raba gungumen biyu, ku fitar da cibiyar tsakiya gaba ɗaya, domin daga nan yawancin tsagewa ke farawa. Akushin da aka bar wa cibiya a jikinsa, ko an dafa shi wuni guda, da wuya ya tsira.

Sai a yi sassaƙar farko tun itacen yana ɗanye, da gizago ko da inji, amma kada a gama. A bar jikin da kauri, kamar kashi 1 cikin 10 na faɗin bakin. Akushi mai faɗin inci 10 a bar masa kaurin inci 1, wato santimita 2 da rabi. Mai inci 15 a bar masa inci 1 da rabi. Wannan kaurin shi ne abin da za a ci daga baya a mayar da bakin daidai, domin zai ɗan karkace ya yi siffar ƙwai in ya bushe. Ku lura kaurin ya zama ɗaya daga baki har gindi. Kuskuren da muka fi gani shi ne gindi mai kauri da baki siriri. A goge kaifin bakin ya ɗan yi dakushi.

A ranar da aka sassaƙa a ranar za a dafa. In ba hali, a nutsa shi a ruwa ko a binne shi cikin ɗanyen ɓarɓashinsa zuwa gobe. Wanda ya riga ya fara tsagewa, tafasa ba ta ɗinke shi.

A sa su a babbar tukunya ko rabin duro, ruwa ya shanye kansu. Za su taso, sai a danne da dutse mai tsabta. A jera 'yan sanduna a ƙasan tukunyar don kada na ƙasa ya ƙone. Daga lokacin da ruwan ya tafasa ake fara lissafi: awa 1 ga kowane inci 1 na kauri. In an wuce lokaci kaɗan ba laifi, gazawa ce ke ɓata aiki. Ruwa ya ragu, a ƙara mai zafi. Da lokaci ya cika a janye wuta, a bar su su huce a cikin ruwan.

A nan muna roƙo a saurare mu da kyau. Kada a saka akushin da faɗinsa ya yi daidai da cikin tukunya. Itace yana kumbura a ruwan zafi, zai iya toshe tukunyar kamar murfi, tururi ya taru a ƙarƙashinsa, ya tashi da ƙarfi ya watsa wa na kusa tafasasshen ruwa. A bar sarari kamar faɗin tafin hannu a kewaye, murfi kuma a ɗora shi sakwa-sakwa. Duron da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko maganin ciyawa ko man inji a ciki bai dace ba ko kaɗan, komai wankin da aka yi masa, domin tuwo za a ci a cikin akushin nan. Tukunyar da aka dafa itace a cikinta a keɓe ta don wannan aiki. Yara kuma su yi nisa da murhun.

Shanya ita ce rabin aikin

Mutane da yawa sukan dafa daidai, sa'an nan su baza a rana, su ce dabarar ƙarya ce. Bayan an tsamo, a kife su a inuwa ruwan ya tsane na kwana 1 ko 2, a rufe da buhun algarara ko tsohon zane. Sa'an nan a naɗe kowanne da tsohuwar jarida ko a sa a kwali, a ajiye a ɗakin da iska ba ta kaɗawa, a kan katako sama da ƙasa saboda gara. Ban da leda, domin takan riƙe gumi ta kawo fumfuna. A makon farko a duba kullum, takardar da ta jiƙe a canza ta.

Yaya za a san ya bushe? A ari sikelin masu awo, a rubuta nauyinsa da gawayi a gindi, a sake aunawa kowane mako. In mako biyu ko uku sun wuce nauyin bai sauka ba, ya isa sassaƙa ta biyu. Daga nan a gyara baki, a rage kauri, a kankare, a baƙanta yadda aka saba, a shafe da man kaɗanya.

Ba kowane itace ba

Ba mu ce a dafa komai ba. Dafuwa tana cin makamashi da ruwa da lokaci, kuma takan ɗan kashe launin itace a baya-baya, ko da yake sassaƙa ta biyu tana cire wannan. Ɗanya, wadda kakanninmu suka fi so don akushi, tana da laushi, sau da yawa naɗewa da shanya a inuwa sun ishe ta. Itatuwa masu tauri da nauyi irin su kanya da marke da kirya su ne suka fi cancantar wahalar. Turmi kuwa ya yi kauri da yawa, a bar shi da shanyar inuwa, a shafe bakinsa da gindinsa da mai ko kakin zuma don rage saurin fitar ruwa. Wajen wuta, busasshen ɓarɓashin sassaƙa da tsagaggun bara sun isa hura murhu, ba sai an sari sabon itace ba.

Itacen kansa ma ya fara wuya. Madobiya, wadda aka yi ta lodi zuwa ƙasar Sin daga Taraba da wasu jihohi, tun 2017 take cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ta sa wa ido a kan cinikinsu. Gungumen da a da ake samu a bayan gari, yanzu sai an yi tafiya.

Shawarar da muka ba Baba na Abakpa ita ce za mu ba ku: kada ku karɓi maganarmu haka kawai. Daga gungume ɗaya ku sassaƙa akushi 6, ku dafa 3, ku bar 3, ku yi wa kowanne alama, ku shanya su wuri ɗaya ta hanya ɗaya. Ku rubuta sunan itacen da watan da aka sare shi. In ƙungiyar maza ko ta matasa a ikilisiyarku ta gwada, ku aiko mana da abin da kuka gani ta hannun ma'aikacinmu na yankinku, har da itacen da dafuwar ba ta yi wa amfani ba.