Amsoshin Wasiƙunku: Abin da Sunan Kakanka Ke Faɗa Maka

Wasiƙun yau duk a kan suna da asali suka tsaya.

Ta farko daga Wurno ta Birnin Kudu take, ba Wurnon Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ke Sakkwato ba. Malamin ya ce kowa Tanko yake kiran kakansa, amma a tsohuwar takardar gona sai ya ga Abubakar. Yana tambaya, mutum biyu ne?

Malam, kwantar da hankalinka, mai yiwuwa mutum ɗaya ne. Abubakar shi ne sunan yanka, wanda liman ya raɗa ranar bakwai. Tanko kuwa laƙabi ne na namijin da aka haifa bayan mata, kamar yadda Kande ko Delu ke bin maza. Ka ga ashe kakanka yana da yayye mata. Tambayi garuruwan da aka kai su aure, dangi na can ba ka sani ba. Haka Gambo ke nuna akwai tagwaye a gabansa. Audi bai tarar da mahaifinsa da rai ba. Ajuji ko Ayashe kuwa, uwarsu ta sha wabi. Kuma idan wata takarda ta ce Garba, wata ta ce Habu ko Buba, duk Abubakar ɗin ne.

Sai wata baiwar Allah daga Gwaram. Ta ce Uwani ake ce mata, ƙanenta kuma Abba, har ta yi aure ba ta ji mahaifiyarsu ta kama sunansu na gaskiya ba.

Hajiya, wannan alkunya ce. Idan aka yi wa kaka takwara, mace ba za ta iya furta sunan surukinta ko surukarta ba, sai a saya da Abba, Baffa, Uwani ko Ummi. Saboda haka sunanku na yanka, galibi, sunan kakanninku ne. Ki bi shi baya: in kin ga suna ɗaya yana tsallake ɗa ya faɗa kan jika, kin kama zaren gidanku. Sai dai ki tabbatar wajen manya, don wani malaminsa yake yi wa takwara, wani amininsa.

Na uku saƙon waya ne daga wani ɗalibi a Birnin Kudu: idan mutum ya liƙa sunan gari, can ne asalinsa?

Ba dole ba ne, ɗan samari. Makarantun boko ne suka yaɗa wannan, don a bambance yara masu suna ɗaya a rajista. Shi ya sa ka ji Ali Sa'ad Birnin Kudu, gwamnan Jigawa a 1992. Shi kuwa Sule Lamido mutumin Bamaina ne, amma bai ɗauki sunan garin ba. Sunan gari yakan nuna inda yaro ya tashi, ba lallai inda kakanni suka fito ba. In kuma ka ji Dikko, Sambo ko Yero a gidanku, to jerin haihuwa ne irin na Fulani: na fari, na biyu, na uku. Batun takardu kuma, tuna cewa sai 1991 aka cire Jigawa daga Kano, don haka tsofaffin bayanan yankinmu a Kano ko ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna za ka neme su.

Amma kafin ka hau mota, fara da tsohuwar gidanku da wanzaminku na gado. Ita ta san wa aka yi wa takwara, shi ya san askar kowane gida. Je da biro da littafi, ka rubuta sunan yanka da laƙabi gefe da gefe, tun suna raye.

Lokaci ya ƙure mana. A ci gaba da aiko wasiƙu. Mu kwana lafiya.