Babban Laburaren Birnin New York

A birnin New York na ƙasar Amurka, a bakin titin Fifth Avenue, akwai wani katafaren gini na farin dutse, da zakuna biyu na dutse kwance a ƙofarsa. Wannan shi ne babban laburaren birnin. A da, matattarar ruwan shan mutanen gari ce a wurin. Sai da aka rushe ta tukuna aka aza harsashin ginin a 1902, aka buɗe shi a watan Mayu 1911. Carrère da Hastings ne suka zana shi.

Amma a ganina, 'yan'uwa ɗalibai, wanda ya fi cancantar yabo shi ne shugaban laburaren na farko, John Shaw Billings, wanda asalinsa likita ne. Shi ya ce a ɗora zauren karatu can a bene na sama, inda haske da iska suke, nesa da hayaniyar titi. Tsawon zauren ya kusa ƙafa 300. Littattafai kuwa aka jera su a ƙarƙashinsa, a kantocin ƙarfe hawa bakwai. Mai karatu sai ya rubuta sunan littafi a 'yar takarda, a hauro masa da shi, ba ko kwabo. A 2013 aka kwashe littattafan daga kantocin nan, yanzu da yawansu suna ajiye a ƙarƙashin lambun Bryant Park, bayan ginin.

Zakunan kuwa, magajin gari La Guardia ne ya raɗa musu suna a shekarun 1930, lokacin da talauci ya addabi Amurka. Ɗaya Haƙuri, ɗaya Juriya.